Rabon Abinci a Girka

Zubaidatu dai siyasa ɗaya ta sani, ta Kano da ta baro: jam'iyya ta raba shinkafa da atamfa, kai kuma ka karɓa ka yi godiya. Nan Jidda kuwa, ina ma aka ga jam'iyya? Shi ya sa da ɗanta Abdulghani ya bugo waya daga ƙasar Girka, inda yake tallar jakunkuna tun da iƙamarsa, takardar zama a Saudiyya, ta mutu, ya ce wata sabuwar jam'iyya ta shiga majalisa, gobe ma za ta raba abinci a dandalin unguwarsu, ba ta tsaya jin ƙarshen zancen ba.

"To me kake jira? Yalla, ka je ka shiga layi!"

"Umma, an ce waɗannan ba sa son..."

"Kai, rufe min baki! Ɗan siyasa ne zai ƙi jama'a? Duk ka rame a hoto. In ba ka je ba, ban yafe ba."

Washegari da hantsi tana suyar ƙosai a bakin lungunsu na unguwar Sharafiyya, sai ta shiga ba wa maƙwabcinta Nomau, mai gyaran talabijin, labari, har da dariyarta. Nomau bai yi dariya ba. Ya tambayi sunan ƙasar, sannan ya ce ta zo ta gani.

A talabijin ɗin shagonsa ga ƙarti nan cikin baƙaƙen riguna, kawuna a aske tas, suna ɗaga hannu sama suna ihu. Wasu na duba katin shaidar ɗan ƙasa na duk wanda ke layin abinci. Aka kuma nuno su a kasuwa suna kifar da teburan baƙi.

"Hajiya, ai da ƙin baƙi suka ci ƙuri'a," in ji Nomau. "Musamman baƙar fata irinmu."

Innalillahi! Ta lalubo waya, ta kira ɗanta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Ƙosai na ƙonewa a waje, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Ki kwantar da hankali," in ji Nomau. "Wataƙila ma bai je ba."

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"Ba ka san Abdulghani ba. Tun da na haife shi bai taɓa tsallake maganata ba."