Tanderun da Ya Bar Gari

Wani mafarki na yi daren jiya, ga yadda ya zo mini.

Na gan ni a gidan burodin da nake aiki, a garin nan da ban san kowa ba. Ko a mafarkin ina sane da cewa aikin ya fita daga raina, ajiye shi nake shirin yi. A aljihuna akwai ɗan littafin da yayata Kande ta ba ni, ta ce kullum in rubuta abin da na gode wa Allah a kansa. Ban taɓa sa masa biro ba.

Aiki a juye yake tafiya. In na sa gasasshen burodi a tanderu, sai ya fito ƙullu, ƙullun ya koma fulawa, fulawar ta shige buhu ta ɗinke bakinsa. Baba Tanimu, dattijon da muke murza ƙullu tare, yana zaune a jikin rufi, kansa ƙasa, yana shan shayi. Shayin bai zube ba.

Na ce, "Baba, ina mutane?"

Ya ce, "Sun bi ƙamshi. Tun da safe ƙamshi ya yi sallama."

Sai ga ni a tasha. Tanderu yana layin shiga mota da ƙullin kayansa. Bayansa teburin murza, bayan tebur inuwar darbejiyar da nake hutawa a ƙarƙashinta, an naɗe ta kamar tabarma. Wani zalɓe ne ɗan kamashon motar, da hula a kansa.

Na ce, "Ina za su?"

"Inda za a lura da su," in ji zalɓen. "A nan, abin da ba a kula da shi ba tafiya yake yi."

Na leƙa kujerar gaba, sai na ga hannuwana biyu zaune kusa da taga, ɗaya bisa ɗaya. Motar ta tashi sama da su, da baya da baya.

Gari ya zama fili fetal, ba gida, ba hanya. Na kira Yaya Kande, muryata ta fita, ta je can nesa ta zauna, ta juya mini baya. Kaɗaicin ya yi kama da wanda na saba, sai dai wannan ba shi da bango.

Baba Tanimu ya zo wucewa da jakarsa a kafaɗa. Daga gwiwa zuwa ƙasa ya riga ya zama tururi.

"Baba, har da kai?"

"Ɗana, mun daɗe muna tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Ba ka taɓa tambayata mutumin ina ne ni ba."

Littafin ya faɗo daga aljihuna ya buɗe, shafinsa garin fulawa ne shimfiɗe. Tunda ba ni da hannu, na durƙusa na yi rubutu da haɓa: Na gode da Baba Tanimu, da yake jan ƙullu mai nauyi gabansa ranar da bayana ke ciwo, ba ya cewa komai.

Ƙafafunsa suka dawo. Ya ajiye jakar.

Na rubuta ɗumin tanderu da sanyin asuba, sai tanderun ya sauko a hankali, yana haki. Na rubuta inuwa, ta warware kanta a kanmu. Hannuwana suka dawo a ƙasa, duk sun yi buɗu-buɗu, suka tsaya nesa kaɗan suna jiran su ga abin da zan ce a kansu. Na daɗe ina rubutawa.

Baba Tanimu ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Mutumin Gumel ne ni. Matso ka ji yadda na zo nan."

Ya buɗe baki, sai ƙarar ƙarfe ta fito. Maƙwabcina ne ke jan ƙofar shagonsa. Na buɗe ido, ɗakin ba kowa sai ni. Na tashi ina lalubar takalmina, don in je da wuri in tambayi Baba Tanimu ko da gaske mutumin Gumel ne.