Kaskon Matar Tela

Wata huɗu ke nan duk ƙwan da matar tela ta soya ɗanɗanon gahawa yake yi. Tun da maigidan ya koyi suyar ɗanyar gahawa da kansa, kaskonta ya shiga uku. Ya yi baƙi ƙirin, kicin kuma kullum cikin hayaki.

Shi burinsa ƙaramin injin suya na lantarki, amma duk zuwan da ya yi kanti sai a ce ya ƙare, ko kuɗinsa ya ƙaru.

Ran nan ta je da kanta. Mai kanti ya ce saura na gwaji kawai, wanda murfinsa ya lotsa.

"Yana juya gahawar da kansa?" ta tambaya.

"Har ya fi hannu."

Ta tsaya kai da fata, sai da ya sallama mata a rabin kuɗi.

Tela ya dawo ya tarar da injin a kan tebur. Ya daɗe yana shafa murfin, sannan ya ce, "Ashe haka kike ji da ni?"

"Ina ji da kai, Malam," ta ce, tana kankare kaskonta. "Amma yau ƙwai zan ci mai ɗanɗanon ƙwai."