Mai Riƙe Igiya

Manong Doming, mijin marigayiya yayata, ziyara ya kawo mana Ingila kafin Kirsimeti, da niyyar komawa tsibirinmu na Guimaras idan mangwaro ya nuna. Annoba ta rufe hanyar jirage, ya maƙale a gidanmu, ni da 'yarsa Jovelyn. Tun rasuwar yayata hankalinsa ya fara yawo. Wata rana ya san inda yake, wata rana ya leƙa ta taga ya ga hazo ya rufe bayan gida, ya ce ruwa ya cika, a duba kwale-kwale.

Abu ɗaya ne bai taɓa mantawa ba. Duk lokacin da Jovelyn ta dawo daga asibiti, yana zaune a kujerar bakin ƙofa da hannunsa a miƙe, ta kama ta ɗora bayan hannun a goshinta, ya sa mata albarka. Mano ke nan, gaisuwar da aka koya mana tun kafin mu iya magana. Sai ta yi masa mano yake yarda ya ci abinci.

Jovelyn nas ce. Da cutar ta yi ƙamari aka nemi masu komawa sashen da ake kwantar da waɗanda numfashi ya gagara, sunanta ya fito a farko, tare da na wasu 'yan ƙasarmu. Na ce mata ta buɗe baki ta tambayi dalili. Ta ce, Tiyay, wato inna, wani ne dole zai je. Na ce na sani, amma me ya sa wanin kullum mu ne? An rene mu da cewa to, mun tsallaka teku da to ɗinmu, kuma masu raba aiki sun gane haka. Takunkumi ɗaya take sawa tun safe har ta tashi, ya yanka mata karan hanci. Maƙwabta kuwa suna fitowa bakin ƙofa suna tafa wa ma'aikatan jinya. Ban taɓa fita na taya su ba, domin ban ga abin da tafin ya kare ta daga gare shi ba.

Ranar da ta fara aiki a sashen, ta dawo ta tsaya daga nesa. Tsoho ya miƙa hannu. Ta ce masa, Tay, wato baba, ba yau ba, akwai cuta a jikin kayana. Ta zaga ta baya ta kwashe shimfiɗarta zuwa ɗan ɗakin katakon da ke ƙarshen lambu, inda muke ajiye tsintsiya da tsoffin akwatuna. Hannun nan ya daɗe a sama kafin ya sauke shi.

Na yi masa bayani iyakar iyawata. Na ce cutar tana kashe tsofaffi, kuma don ƙaunarsa ta nisance shi. Ya saurara, ya gyaɗa kai, washegari ya sake miƙa hannu. Yana hango ta ta gilashi tana ratsa hazo da asuba cikin shuɗin kaya, ba ta taɓa kowa, ba ta cin abinci da kowa, fuskarta rabi a rufe. Daga nan ya yanke hukuncinsa. Ya kira ni ya ce, cikin natsuwa, in daina ɓoye masa, ya san Inday, kamar yadda yake kiran Jovelyn, ta rasu, kurwarta ce ke zagaya gidan.

“Manong, wace kurwa ce ke cinye tukunyar shinkafa ta bar mini wanki?”

“Ke dai Leonila, tun kina yarinya bakinki ya fi ki girma,” in ji shi. “Mai rai yana gaida ubansa.”

Ya daina cin abinci. Na dafa kunun shinkafa da citta, ya ture. Na soya busasshen kifi har gidan ya ɗauki warin da maƙwabta ke ƙorafi a kai, ya ce in kai wa mamaciya. Jovelyn ta tsaya a bakin taga tana kiransa, yana kallonta da tausayi yana jan carbi. Ta yi masa magana ta waya, ya ce ai marigayiya matarsa ma tana yi masa magana. Wuyansa ya fara fitowa, wandonsa ya fara zamewa. Na ga abin da ke gabanmu sarai. Idan ta kama hannunsa tana iya kashe shi, idan kuma ba ta kama ba yunwa za ta yi aikin.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kama ta. Gwaji ya nuna cutar ce. Ta kulle kanta a ɗakin katako da ɗan hita da abin auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa. Ina ajiye mata abinci a bakin ƙofa in ja da baya. Yanzu ko ta taga ba ya ganinta.

Wata safiya ina shanya, na ji shi a bayana. Ya fito da silifas cikin raɓa, ya kama igiyar shanya yana murza ta tsakanin yatsunsa. Igiyar ta tashi ne daga ƙugiyar tagar kicin ta ƙare a jikin ɗakin katako. Ya tambaye ni wa ke ƙasa. Ban gane ba da farko. Sai na tuna aikinsa: shekarun ƙuruciyarsa duka a kwale-kwale ya yi su, yana riƙe wa masu nutso igiya. Su suna ƙarƙashin teku suna tsintar kawa, wato katantanwar teku, shi yana sama, rayuwarsu a tafin hannunsa.

Ni ba na ƙarya, ko ga mara lafiya, ko ga yaro. Na ce masa Jovelyn ce a can, numfashi yana yi mata wuya, kuma ba ta isa ta taso ba tukuna. Duk gaskiya ne. Ya ce to wane sakarai ne ya bar ta babu mai riƙe mata igiya?

Na kwance shanyar. Na jefa wa Jovelyn bakin igiyar ɗaya ta ƙaramar tagarta, na ce ta ɗaura a wuyan hannu, ɗaya bakin na zura ta tagar kicin na ba shi. Ya zauna, ya naɗe ta a hannu yadda ya saba, ya ja a hankali. Muka jira. Igiyar ta miƙe a saman ciyawa, ɗigon raɓa suka zube daga jikinta, ta ja shi.

Ya auna nauyinta a tafin hannunsa. Can ya ce matattu ba su da nauyi, wannan kuwa akwai mutum a ƙarshenta. Ya ce in kawo kunun nan, mai riƙe igiya ba ya zama da yunwa, kada a zo jan mutum hannu ya mutu.

Kwanakin da suka biyo baya, ni kaina ban tabbata a ina muke zaune ba. Hazo yana sauka da safe ya haɗiye ɗakin katako, igiyar ta shige cikinsa ta ɓace kamar cikin ruwa. Manong Doming yana zaune a taga yana ba ni labarin abin da take gani a ƙasa: duwatsu masu launi, kifayen da ke bin mutum kamar kaji, hasken rana yana saukowa sanda-sanda. Yana kiran tsuntsayen lambu da sunayen tsuntsayen teku. Wani lokaci kicin ɗin yana yi mini kamar yana lilo. Daga baya Jovelyn ta gaya mini cewa cikin zafin zazzaɓi ita ma a ruwa take ganin kanta, rufin katako yana nesa a sama kamar cikin kwale-kwale, kuma duk lokacin da aka ja hannunta sai ta ɗora igiyar a goshi kafin ta amsa.

Wata rana da hantsi ina yanka albasa, ya ce mini amsarta ta yi rauni. Ya sake ja, ya karkata kai kamar mai sauraro.

“Ta yi zurfi da yawa. Ni kaɗai ba zan iya ba. Kira babban jirgi.”

Na ruga na leƙa tagarta. Tana kwance, leɓɓanta sun canja launi, abin yatsan ya faɗi ƙasa. Na kira motar asibiti. Suka zo cikin fararen kaya, fuska a rufe da gilashi, suka sa mata iska suka fita da ita ta ƙofar gefe. Ɗayansu ya kwance igiyar daga hannunta ya yar a ciyawa.

Na ji tsoron komawa kicin. Na yi zaton zai ja ya ji babu kowa, ya koma inda muka fito. Har zuciyata ta raya mini in zaga in riƙa ja masa da kaina. Ban yi ba. Na gaya masa an ɗauke ta zuwa inda ake da iska, kuma ban san ko za ta dawo ba. Ya ce ya ji igiyar ta saki. Ya ce ba a naɗe igiya sai an ga mutum da ido, a raye ko a mace, kuma in daina tsayuwa a kansa kamar mai jiran gado, in zuba masa shinkafa.

Haka ya ci gaba da riƙe igiyar, yana ci, yana gyangyaɗi, bakinta ɗaya kwance cikin ciyawa. Biyu daga cikin abokan aikin Jovelyn ba su fito daga wannan sashe da rai ba. Na san iyayensu mata, kuma babu wanda ya zo ya gaya musu dalilin da ya sa 'ya'yansu ne a gaba.

Jovelyn ta fito. Likita ya ce ta warke, ba za ta shafa wa kowa ba. Ta rame, tana tsayawa ta huta bayan 'yan takuna. Da muka iso gida ta nufi ƙofar gaba, na riƙe ta na ce ta bi ta gefe. Ta gane. Ta shiga lambu ta ɗauki bakin igiyar, ya yi kore da danshi, ta naɗa a hannu ta ja.

Na buɗe ƙofar kicin. Ya miƙe tsaye ya fara janyowa, hannu bayan hannu, yana tara igiyar a ƙafafunsa. Ta so ta yi sauri, ya tsawata mata.

“A hankali, Inday. Wanda ya daɗe a ƙasa ba ya tasowa da gaggawa.”

Ta taho a hankali ta cikin ciyawa, tana tsayawa duk inda ya tsayar da ita, har igiyar ta ƙare. Ya miƙa hannu, ta kama ta ɗora a goshinta, ya sa mata albarka. Sannan ya juyo ya tambaye ni ko haka zan bar mutane tsaye babu abinci, kuma ina zan shanya kaya yanzu.