Sunan Lauratu a Fasfo

A shekarar 1955 aka zaɓi Malam Ashafa na Mandawari ya je Ingila ƙaro ilmin koyarwa, shekara biyu, aka ce har iyali zai iya ɗauka. Unguwa ta ruɗe. Wani ya ce can rana sai ta yi wata uku ba ta leƙo ba, wani ya ce ruwa daskarewa yake a buta. Matarsa Saudatu ta cika buhu da kuka da daddawa, ta kwance, ta sake ɗaurewa, don ba wanda ya san abin da jirgin ruwa yake yarda a ɗauka.

Saura kwana huɗu su hau jirgin ƙasa zuwa Ikko fasfo ya iso. Saudatu ba ta karanta boko, amma ta ƙirga layukan da ke ƙarƙashin sunan mijinta, ta ga biyu. Yara kuwa uku ne: Lauratu, Maharazu da Hadiza.

Ashe ranar cike takarda baffan mijin, Alhaji Mailafiya, ne ya raka shi ofis. Da akawu ya tambayi 'ya'ya, Malam Ashafa ya faɗi biyu kawai. Lauratu 'yar fari ce, shekararta tara bai taɓa ambatar sunanta ba, balle a gaban baffa. Ya ɗauka kowane akawu ya san a ƙara ɗaya. Akawun kuwa mutumin kudu ne, abin da ya ji ya rubuta.

Saudatu ta ce ba inda za ta taka a bar mata yarinya. Suka koma ofis, har da Lauratun, baffa ma ya ce sai ya bi.

Akawu ya duba yarinyar, ya tambaya 'yar wa ce. Malam Ashafa ya ce ta gidan ce. Akawu ya ce to 'yar aiki ba ta shiga fasfo. Baffa ya fusata, ya faɗi sunan har sau biyu, akawu ya ce shi daga bakin uba doka ta ce a ji. Malam Ashafa ya jawo takarda ya rubuta da ajami. Akawu ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙo masa abarsa.

"Malam, 'yarka ce ko ba 'yarka ba ce?"

Baffa ya miƙe ya ce bari ya duba kekensa, shi da a ƙasa ya zo. Malam Ashafa ya kafa wa fankar sama ido.

"Tawa ce. Lauratu."

Yarinyar ta waiga bakin ƙofa ta ga wa ake kira. Akawu ya tsoma alƙalami, ya ce a maimaita a hankali, bai ji da kyau ba.