Sunan Mai Aski a Takardar Likita

Likitan ya yi ƙarya, kuma da sunan wani ya yi ta.

Mujallar da yake so ta buga bincikensa ta kafa sharaɗi: sai an sa majinyaci ɗaya cikin marubuta, wanda ya sha maganin da bakinsa. Sai ya tuna da wani mai aski. Wata tara mutumin yana cikin waɗanda ake gwada sabon maganin hawan jini a kansu, ba ya fashi, ba ya gardama. A bakin ƙofar ofis ya tare shi, ya nuna masa inda zai sa hannu.

Sa hannun ya fito a karkace, likitan kuma ya gani. Sau huɗu mai aski yana gaya masa hannunsa na rawa tun da ya fara maganin, sau huɗu ana ce masa gajiya ce.

*

Ƙanwar mai askin, mai aiki a kantin magani, ita ta kawo masa takardar da aka buga har shago. Wani tsohon direba da ke kan kujera, da auduga manne a ƙeyarsa, ya ce ashe marubuci ke musu aski, shi ya sa yake musu zane a kai. Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Yaya, a nan an ce babu wanda ya yi ƙorafin rawar hannu."

"Wa ya ce?"

"Ku huɗu, marubutan. Sunanka ne na ƙarshe."

Ya kashe injin askin. Ya tuna telar da suke zama benci ɗaya a asibiti, wadda ta daina iya zura zare a allura. Gobe in ta yi kuka, za a ce mata ai ɗan'uwanta majinyaci ya shaida lafiya lau.

*

Mai aski ya kai ƙara. A gaban kwamitin asibiti likitan ya yi bayani mai tsawo. Ya ce karramawa ya yi nufi, kuma majinyaci ba ya iya bambanta illar magani da tsufa. Shugabar kwamitin ta tambayi mai aski ko yana da hujja a rubuce. Ya ce ba shi da ita, takardar ma karanta masa aka yi.

Sai ya buɗe jakarsa, ya fito da aska, ya ja kujera tsakiyar ɗakin.

"Ranka ya daɗe, zauna in gyara maka gemu. Ai mun rubuta hannuna lafiyarsa ƙalau."

Askar tana kaɗawa tsakanin yatsunsa. Likitan ya dubi shugabar, ya dubi takardunsa. Bai zauna ba.

Mujallar ta janye takardar. An hana likitan bincike na shekara biyu, an bar masa ofishinsa da motarsa.