Tuwon Gayyar Jinga

Habi tana durƙushe tana haƙa dogon rami da kalme a kan tudun bakin fadama sa'ad da Mu'azu ya iso da jakuna biyu, kowane ɗauke da ƙatuwar tukunyar ƙarfe.

Zamanin Turawa ne, shekara biyu bayan dawowar sojoji daga yaƙin Bama. Gulbin Rima ya cika, ya karya jingar da ke tsare gonakin shinkafar mutanen Wurno, kuma labari ya zo cewa ruwan da ya fi wannan yana tafe gobe. Saboda haka aka yi gayya. Mutum ɗari da hamsin suka shiga taɓo tun asuba, sittin daga cikinsu baƙi ne daga Goronyo, a ƙarƙashin wani dattijo mai suna Mainasara. Al'adar gayya kuwa sananniya ce: idan azahar ta yi ba a kawo abinci ba, baƙo yana da ikon saɓa kalmensa ya tafi gida, ba mai ganin laifinsa. Idan Goronyawa suka tafi, jinga ba za ta rufu ba. Habi aka ɗora wa tuwon, kamar yadda ake yi shekara talatin.

Mu'azu ɗan ƙanen mijinta ne, malamin gona, wanda ya yi karatu a birni. Ya sauko daga kekensa ya tsaya kanta.

"Inna, mi kika nema cikin ƙasa haka?"

"Murhu nika yi."

"Ki huta. Baturen gona ya aiko da waɗanga tukwane, kowace tana ci da mutum arba'in. Ga duwatsu can na sa an ɗebo bakin gulbi."

Habi ta miƙe a hankali, ta je ta ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, ta kara shi a kumatunta, sannan ta ajiye.

"Wanga dutse ya sha ruwa, Mu'azu. Wata biyu shina kwance cikin gulbi. In ya ji wuta hwashewa za shi yi."

"Dutse na hwa, Inna, ba ƙwai ba."

Matan da ke wankin shinkafa suka yi dariya. Habi ba ta yi ba. Mu'azu ya ce Bature zai zo da yamma, kuma zai tambaya ko an yi aiki da tukwanensa. Don haka aka raba shinkafar biyu, jar shinkafar fadama da aka surfa tun jiya. Rabi ya tafi tukwanen ƙarfe, inda waɗansu tsofaffin sojoji biyu suka jibga itace suka tayar da wuta mai tsawon mutum. Rabi ya zauna wurin Habi.

Ta koma raminta. Ta yi shi kamu takwas a tsawo, faɗinsa bai kai gindin tukunya ba, yadda tukwanen ƙasa huɗu za su zauna a kan leɓɓansa ba tare da dutse ko ɗaya ba. Ta shimfiɗa busasshen kashin shanu a ƙasa, ta bi da karan dawa da aka ciro daga rufin rumbu, domin damina ce, itacen daji duk a jiƙe yake. Sai da kara ya kama sannan ta riƙa tura ƙirare ɗaya bayan ɗaya daga baki guda. Wuta ɗaya ta bi ƙarƙashin tukwane huɗu, ba ta fito ta lashi gefe ba.

Kyauta, aminiyarta wadda suke tuƙi tare tun suna amare, ta leƙa ramin ta ce, "Wagga wuta taki ko kyanwa ba ta kora, Habi. Dubi ta sojoji."

"Tuwo nika dahwawa, ba ƙarhe nika narkawa ba."

Hantsi ya ɗaga, ruwa ya tafasa ko'ina, aka zuba shinkafa. Habi tana gyara miyar kuka da busasshen kifi sai aka ji ƙara kamar harbin bindiga. Jakuna suka fizge. Dutse ɗaya ya tarwatse ƙarƙashin tukunyar ƙarfe ta farko, ta karkata, ta kife, shinkafar mutum arba'in ta malale cikin toka da laka. Allah ya tsare, ba wanda ya ƙone. Mu'azu ya tsaya da baki buɗe, dutse na biyu kuma ya fara tsattsagewa ƙarƙashin ɗaya tukunyar.

"Ku sa sanduna ku ɗaga ta!" in ji Habi. "Kai Mu'azu, aje hular ga ka kama kalme. Buɗa man bakin ramin nan."

Malamin gona ya durƙusa cikin farin wandonsa ya yi haƙa inda ta nuna masa. Aka kawo tukunyar a kan sanduna, aka zaunar da ita a ƙarshen ramin. Ta tsira, amma kashi ɗaya cikin huɗu na abincin ya tafi, kuma babu lokacin surfa wata shinkafar.

Ana cikin tuƙi Mainasara ya hawo tudun, taɓo har gwiwa.

"Iya, mun ji harbi. Yaƙi aka yi ko tuwo?"

"Tuwo na, Mainasara. Ku mutanen Goronyo ba ku saba jin ƙarar babbar tukunya ba."

"To, inuwa ta kusa komawa ƙarƙashin ƙahwa. Yarana sun hwara duban hanyar gida."

"Su dubi jinga. In ladan ya riga ni, ku tahi, ni da kaina zan riƙa maka kalme."

Da ya juya, Habi ta tara matan. Ta ce baƙi za a fara ba, kowane malmala cikakkiya. Mutanen gari uku za su raba biyu, a cika musu miya. Masu tuƙi kuma ba su da rabo yau. Ba wadda ta yi musu. Muciya huɗu suka shiga aiki, ita kuma ta ɗauki tukunyar ƙarfen da kanta, tana tuƙi tana juya fuska daga hayaƙi.

Akusan farko sun sauka bakin jinga kafin a ji kiran salla daga gari. Goronyawa suka ci, suka suɗe hannu. Mainasara ya dubi akusan mutanen Wurno, ya dubi nasu, ya gane abin da aka yi. Bayan salla shi ya fara komawa cikin ruwa, mutanensa suka bi shi, kuma kafin la'asar ta yi sanyi bakin jinga ya haɗu.

Sai a lokacin Habi ta zauna. Ba ta sa komai a bakinta ba tun asuba. Mai tuƙi ko ta rasa tuwo ba ta rasa ƙanzon gindin tukunya, don haka ta jawo tukunyarta ta farko ta leƙa. Gindin fes yake. Ta duba ta biyu, ta uku, ta huɗu. Wutar ramin ta ci daidai, ko ƙwaya ba ta kama ba.

Kyauta ta fashe da dariya. "Kin gani? Gwanintarki ta hana mu abinci."

Suna cikin haka Mu'azu ya zo da ƙwarya a hannu biyu, ya durƙusa gabanta. Ƙanzo ne mai kauri, ja har da baƙi, wanda ya kankaro da kansa daga tukunyar ƙarfe, aikin wutar sojoji ta safe.

"Inna, shi kaɗai na samu."

Habi ta ɓalli ɗan guntu, ta tauna a hankali, ta tura ƙwaryar tsakiyar matan.

"In Bature ya zo," in ji ta, "ka gaya mashi tukunyarshi ta yi aiki."