Bargon 'Yar Durban

"Ntate Seabata, kanka ɗaya kuwa? Mayar da bargon nan jikinka!"

Mme Mapaseka ce ke magana ta saman shingen wayar da ya raba gidajensu. Rana ta kusa faɗuwa, iskar da ke gangarowa daga dutsen Harrismith kuwa har cikin haƙori take shiga. Tsohon bai ko waiwayo ba. Ya cire bargon kafaɗarsa yana naɗa wa ɗan itacen furen da ke bakin ƙofarsa, daga shi sai wata yaloluwar riga.

"Awaki sun cinye buhunan," in ji shi. "Dubi sama, ko gajimare ɗaya babu. Yau raɓar ƙanƙara za ta sauka."

"To ga leda a wurina."

"Leda! Shekara nawa ina faɗa miki? Leda kashe ganye take yi. Buhu ko bargo, abin da zai bar ta ta yi numfashi."

'Yar Durban yake kiran itacen. Matarsa Dimakatso ce ta zo da reshensa cikin gwangwani, a tafiya ɗaya tilo da ta taɓa yi zuwa Durban, can bakin teku. Itacen ƙasar zafi ne, ba shi da abin yi a garin da ruwa ke daskarewa cikin bokiti. Amma Seabata ya yi shekara arba'in yana wa Turawa aikin lambu, ya san makamar abin. Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar matar, kowane ɗari yana rufe shi da yamma, ya buɗe da hantsi. Rassan da sanyi ya ƙone ma ba ya yankewa sai Satumba in sanyi ya wuce, wai su ne rigar na ƙasa.

Kwana uku bayan haka tari ya kwantar da shi. Mapaseka ta kai masa kunun dawa, ta tarar ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.

"Ka ga abin da taurin kai ya jawo maka? In kira Motlatsi?"

"Ƙyale shi, yana da aiki." Shekara huɗu ke nan ɗan nasa yana da aiki a Johannesburg. Ya kamo hannunta. "Mme, kada ki bar 'yar Durban a buɗe. Kada a yanke mata komai."

"Na ji. Sha kununka."

Ranar Talata da yamma ya cika, tana waje tana ɗaure wa itacen igiyar bargon.

Motlatsi ya iso da mota mai sheƙi da mata mai dogayen farata. Ya yi kuka, gaskiya, har da shessheƙa. Daga nan ya shiga waya: tanti, kujeru, saniya, mai ɗaukar hoto. Dattawan dangi suka ce ba a rufe mutum ba tare da bargonsa ba, aka zo aka warware shi daga jikin itacen. Wannan kam Mapaseka ba ta da ta cewa. Ta zazzage buhunan masararta biyu, ta cusa busasshiyar ciyawa, ta rufe 'yar Durban kamar yadda ta saba ganin ana yi.

Ranar Juma'a da la'asar, ta taso daga wurin fere dankali da matan unguwa, ta ga buhunanta a bola. An aske itacen tas, duk ƙonannun rassan an zubar, an lulluɓe sauran da ledar da aka kwance daga sababbin kujeru.

"Motlatsi, wa ya yi wannan?"

"Ni na sa, Mme. Gobe abokan aikina za su zo. Nan ne bakin tanti, ba za a ɗauki hoto da tsummokara ba. Ai an rufe shi, ledar ma sabuwa ce."

"Ubanka ya ce ban da leda. A kan itacen nan ya mutu, ɗana."

"Shi ya sa ba na son ganinsa," in ji shi. "Da girmanki, Mme, amma gidan ubana ne."

Daidai nan motar gawa ta shigo layin ɗauke da Seabata daga ɗakin ajiyar gawa, mata suka ɗauki waƙa. Mapaseka ta tsaya da wuƙar dankali a hannu. Kunya ta hana ta ɗaga murya gawa na shiga gida, ta bi sahu ta shige. Wannan shirun ne ba ta yafe wa kanta ba.

Asabar gari ya waye fari fat da raɓar ƙanƙara, ciyawa na ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalmi. Aka kai Seabata, aka rufe shi da bargonsa. Motlatsi ya yi jawabi mai daɗi, ya ce mahaifinsa mutum ne mai son furanni. Mapaseka ta ji kamar ta tofa masa yawu.

Da aka dawo, kowa ya wanke hannu a bahon bakin ƙofa, aka yi layin nama. Ita ta wuce ta ɗaga ledar. Ganyen duk sun yi baƙi, sun yi laushi kamar dafaffen alayyafo.

Sai da aka kwashe kujeru da yamma ta durƙusa a gindinsa. Seabata ya taɓa nuna mata: a kankare ɓawo da farce, in an ga kore da sauran rai. Ta kankare sama, ruwan ƙasa. Ta sauko tsakiya, haka. Ta yi ta saukowa har ya rage bai fi tsawon ɗan yatsa tsakaninta da ƙasa ba. Nan ta janye hannunta, ba ta kankare ba.

Sama babu gajimare ko ɗaya. Ta zare fil ɗin bargon kafaɗarta, ta naɗe kututturen da shi, ta ɗaure da igiyar tsohon.